Shekara bakwai ina hawan Kia Rio a Sakkwato, ga abin da na gani

Ranar da na shigo da motar gida, cikin watan Fabrairun 2018 ne, kawuna bai ce min Allah sa alheri ba sai da ya zagaya ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa ƙofar baya da ɗan yatsa kamar mai duba kankana, sannan ya ɗago ya ce "Ɗana, Corolla ce ba ka samu ba?" Na ce Kawu na samu, kuɗinta ne ban samu ba. Ya yi shiru, can ya ce to Allah shi tsare, amma ka sani ranar da za ka sayar da ita za ka tuna da ni.

Wannan tambayar tasa ita ce tambayar da kusan kowa ya yi min a satin, abokan aiki a makaranta, maƙwabta a Arkilla, har mai faci na bakin layinmu. A garin nan in ba Toyota ko Honda ka sawo ba, ko tsohuwar Golf ta 'yan haya, to kamar ka yi wani laifi ne da ke buƙatar bayani. Shi ya sa na ga ya kamata in zauna in rubuta abin da na gani da idona cikin shekara bakwai, don akwai ma'aikata irina da yawa da ke ajiye kuɗi shekara da shekaru suna jiran Corolla, ita kuma Corolla kullum gaba take ƙara yi, suna nan bisa kabu-kabu da mata da yara cikin rana.

Tawa Rio ce ƙirar 2009, inji 1.4, giya manuwal, fara. Ba 'yar Kwatano ba ce, tunda gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa daga watan Janairun 2017 'yan Kwatanon sun yi tsada kuma maganar takardun kwastan ta zama abin tsoro. Wani kamfani ne ya yi aiki da ita sabuwa a nan Najeriya, sunka yi gwanjonta, ta faɗa hannun wani bawan Allah a Kaduna, daga nan dillali ya kawo ta Sakkwato. Miliyan ɗaya da dubu ɗari na biya har da la'ada, lokacin Corolla mai irin shekarunta kuɗinta ya ninka haka har da ɗoriya. Wannan tazarar ita ce ta ba ni damar biyan kuɗin haya na shekara da kuɗin makarantar yara ba tare da na ci bashin kowa ba.

Abu na farko da nake son in gyara wa mutane shi ne zancen wai Kia 'yar China ce. Wallahi na ji wannan daga bakin makanikai fiye da a ƙirga, har wani mai digiri ya taɓa yi min gardama a kai. Kia ta Koriya ta Kudu ce, kuma ba jiya ta fara ba. A 1944 anka kafa kamfanin, lokacin ba ma mota suke yi ba, bututun ƙarfe ne da kayan keke. Farkon shekarun 1950 sunka yi keke nasu na kansu mai suna Samchully, a 1952 sunka ɗauki sunan Kia, wanda ma'anarsa kamar a ce tasowa daga nahiyar Asiya. Daga keke sai babur da lasisin Honda, a 1962 sai wata 'yar mota mai ƙafa uku ta ɗaukar kaya da fasahar Mazda, kusan irin Keke Napep ɗin nan mai buɗaɗɗen baya da ake ɗaukar fiya wata da shi. Motar shiga ta farko, Brisa, sai 1974 ta fito. Abin da ya fi ba ni sha'awa, ƙarshen shekarun 1970 har Peugeot 604 sun haɗa a Koriya da lasisin Faransawa, wato lokacin da kamfanin Peugeot na Najeriya, PAN, ke haɗa 504 a Kaduna su ma haɗa motar wasu suke yi. Duk sanda na tuna wannan sai raina ya sosu, don kusan wuri guda munka faro da su.

Kuma sun sha wuya. A 1981 gwamnatin soja ta Chun Doo-hwan ta hana su yin ƙananan motoci, ta ce su tsaya kan na ɗaukar kaya, wata bas mai suna Bongo ce ta riƙe su. Sai 1987 sunka dawo da Pride, 'yar ƙaramar mota da Mazda ta zana, Ford na sayar da ita a Amurka da sunan Festiva, kuma a kan ita Pride ɗin sunan Kia ya zama na motar talaka, a Iran ma kamfanin Saipa ya ɗauke ta ya yi ta ƙera ta har zuwa 2020. A 1997 tattalin arzikin ƙasashen Asiya ya rushe, Kia ta karye, a 1998 Hyundai ta saye kaso 51 cikin ɗari bayan ta kayar da Ford a tayi. Wannan sayen da Hyundai ta yi ya shafe ni kai tsaye a nan Sakkwato, zan zo wurin.

Shekara ta farko ban san komi ba sai zuba mai da juyen baƙin mai. Tankinta lita 45 ne, kuma in na cika shi ina zuwa aiki, in kai yara makaranta, in kai maiɗakina kasuwa, ranar Asabar in leƙa Bodinga wurin tsohuwa, sai in yi kwana goma sha biyu ko sati biyu ban waiwayi gidan mai ba. A lokacin ban ɗauki wannan wani abu ba don lita ba ta kai naira 150 ba. Sai bayan 29 ga Mayun 2023 da anka cire tallafi na san darajar abin da nake da shi. Mai ya tashi daga ƙasa da ɗari biyu ya haura ɗari biyar cikin kwanaki, daga baya ya wuce dubu, na ga manyan motoci masu filogi shida an lulluɓe su da tamfol a ƙofar gidaje, masu su sun koma hawa babur, wani abokin aikina da ya fi kowa yi min tsiya kan "kwalin ashana" shi ne ya koma jirana a shataletale kullum da safe muna tafiya tare, kuma ni ban taɓa tuna mai ba don abin ba na dariya ba ne, kowa ya ji a jikinsa.

To yanzu ga inda na sha wuya, kuma ina son a fahimce ni da kyau, don a nan ne mutane da yawa ke ɗora wa mota laifin da ba nata ba.

Cikin watan Afrilun 2019, zafin nan namu da ke haura digiri 40 tun kafin azahar, na lura allurar zafi na ɗan hawa in na tsaya a cunkoso wajen babbar kasuwa. Na kai ta wurin wani makanike da anka nuna min. Ko mintuna biyar bai yi yana dubawa ba ya ce "Malam, ai wagga mota ta ƙasar sanyi ce, sai an cire mata tamostat an haɗa fanka kai tsaye." Ban san komi ba, na ce yi. Ya cire, ya zubar da ruwan kore da ke cikin lagireto, ya aiki yaro ya sawo fiya wata ya ɗura. Allura ta sauka ƙasa can, na yi murna. Bayan wata uku sai na ga mai na ƙarewa da wuri, injin da safe yana rawa, ruwan lagireto ya koma ja kamar na tafki. Ashe matsalar tun farko ƙurar hunturu ce da ganyen dogonyaro sunka toshe fuskar lagireto, wankewa kawai yake so. Injin irin wanga kwamfuta ce ke auna mai da take ba shi, in ta ga kullum yana sanyi sai ta ɗauka bai gama ɗumi ba ta yi ta ƙara mai, ga ruwan banza na cin ƙarfe daga ciki. Sai da na sayi sabon tamostat, wato ɗan abin da ke riƙe zafin inji daidai, anka wanke lagireto, anka mayar da fanka yadda take, anka zuba ruwan kulan na gaske. Tun ranar ba ta sake ɗaukar zafi ba, ko cikin azumin da ya faɗo tsakiyar bazara.

Na biyun ya fi ciwo. Injin Rio ta wannan zubin bel ne ke juya taiminsa, ba sarƙa ba, kuma ana son a canza shi wajen kilomita dubu 90 zuwa dubu 100. Na san da haka, na ma yi niyyar kirki, na je na saya tun kafin lokaci. Mai shagon ya fito min da guda biyu, ya ce wanga orijinal ne wanga kuma mai bi masa, na zaɓi wanda ya ce orijinal, kwalinsa da tambari da komi. Wata bakwai kacal. Muna dawowa daga ɗaurin aure a Jega ni da ƙanena da wasu dattawa biyu, mun wuce Tambuwal da kaɗan, rana ta yi sanyi, ina kan tafiya sai na ji wani ɗan "tas" daga gaba, injin ya mutu, fitilun gaban sitiyari duk sunka kama. Na gangara gefen titi kusa da wata gonar gero da anka riga anka girbe. Na murɗa makulli, injin na juyawa da sauri fiu-fiu ba nauyi kamar babu komi a cikinsa. Ɗaya daga cikin dattawan, tsohon direban tirela ne, ya ce "Yaro bari murɗawa, bel ya tsinke, kana ƙara ɓarna." Nan munka yi magariba bisa kara, ƙanena ya hau babur ya koma Tambuwal ya samo mai a-kori-kura, anka ɗaura mana igiya, ba mu shigo gari ba sai wajen sha ɗayan dare, ga halin da hanyoyi ke ciki, tsohuwa ta kira ni ya fi sau goma. Da anka buɗe kan injin bawul takwas sun lanƙwashe. Da na riƙe bel ɗin a hannuna haƙoransa sun zube kamar an ɓare masara, robar tana farfashewa in ka lanƙwasa ta. Jabu ne. Na koma shagon, mutumin ya rantse shi ma haka anka kawo masa, na bar shi da Allah.

Kwana tara ta yi a gareji, kuma a nan ne Allah ya haɗa ni da makaniken da nake wurinsa har yau, wani dattijo mai haƙuri da ya yi aiki a Kaduna shekaru. Shi ne ya ce min in daina shiga shago ina cewa kayan Kia nake nema, don da an ji Kia sai a ce babu ko a tsuga kuɗi. Ya ce in ce na Hyundai Accent ta 2006 zuwa 2010. Ka ga amfanin tarihin da na faɗa ɗazu, tunda Hyundai ta saye su Rio da Accent na waɗannan shekarun gindinsu guda, injinsu guda, abubuwa da yawa na inji da birki da ƙafa suna shiga juna. Ba duka ba, fitilu da bamba da gilashi kowa da nasa. Ya kuma koya min in riƙa ɗaukar hoton lambar da ke jikin tsohon kayan in tura Ƙofar Ruwa a Kano, in babu a can a nemo daga Ladipo a Legas, a sa a mota, kwana biyu ko uku ya iso tasha. Wannan jiran shi ne babban bambancina da mai Corolla. Shi in abu ya lalace da safe kafin la'asar ya hau motarsa, don kayan Toyota ko a ƙauye ka samu. Ni sai na yi tanadi, shi ya sa kullum akwai fambel da filogi huɗu da famfon mai a but ɗina.

Maganar jiki kuwa gaskiya ƙaramar mota ce kuma ba a ɓoye ba. Mutum biyar manya in sun shiga, ga esi a kunne, za ka ji ta yi nauyi, in za ka wuce tirela a hanyar Gusau sai ka sauko giya ta huɗu ko ta uku ka kuma tabbatar gaba fayau take. Ƙasanta ba shi da tsawo, damina in ruwa ya kwanta a Mabera ni kam ba na gwada sa'a, zagayawa nake yi. Hanyar ƙauye mai yashi ba tata ba ce. Wanda ya ɗora mata buhu shida na albasa daga Gada ya ce shokozoba ba ta da ƙwari, shi ya so. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Amma esinta, tun da anka wanke shi anka sa gas mai kyau, yana sanyi har yara na cewa a rage, kuma a Sakkwato duk wanda ya taɓa kama sitiyari da tsakar ranar watan Mayu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ba ni kaɗai ba ne. Ƙanwar maiɗakina ma'aikaciyar jinya ce, Picanto take hawa, ta farkon nan da ta fara fitowa a 2004, inji 1.1. Ita nata ma ya fi nawa rashin shan mai, kuma tana shiga lungunan tsohon gari inda ni sai na ajiye tawa a bakin titi in taka. Shekara biyar ke nan, kuloci ta canza sau ɗaya da boris na ƙafar gaba, sai batir da zafin garin nan ke kashewa kowace mota ce. Abin da ta kiyaye guda ne, mutum ɗaya ke taɓa mata mota. Wani abokina kuma ya sayi Cerato otomatik mai kyan gani, bai duba ba ashe giyar ta sha wahala hannun mai ita na farko, ba a taɓa canza mata man giya ba, wata huɗu ta fara fizga, ya sayar da ita da asara, har gobe in ka ce Kia gabansa sai ya tsuke fuska. Ban ga laifinsa ba, kuɗinsa ne sunka tafi, amma na gaya masa ko wace iri ce anka yi wa haka abin da za ta yi ke nan.

Akwai abin da ya kamata mai sayen tokumbo 'yar Amurka ya sani, wannan ba sirri ba ne, a labarai yake. Manyan injinan Kia da ake kira Theta II, masu 2.0 da 2.4 da ke cikin Optima da Sorento da Sportage na wajen 2011 zuwa 2014, an yi kiranyen su a Amurka, wato an ce a mayar da su a duba a gyara, saboda injin na iya cijewa, har a 2020 hukumar kula da lafiyar hanya ta can ta ci Hyundai da Kia tarar dala miliyan 210 kan jinkirin kiranyen. Sannan da yawa daga cikin masu makullin murɗawa da anka sayar a Amurka tsakanin 2011 da 2021 ba su da na'urar da ke hana inji tashi in ba da makullinsa ba, yara sunka yi ta sace su suna sa bidiyo a TikTok. Don haka in babbar kake so, ka sa a bincika lambar shasi, ka ji ƙarar injin da sassafe kafin ya yi ɗumi, ka kuma sa mata makullin sitiyari. Ƙananan irin tawa ba wannan injin gare su ba.

Su Kia ɗin kansu yanzu sun bar ajin da na same su. Tun 2006 da sunka ɗauko Peter Schreyer, Bajamushen da ya yi suna da zanen Audi TT, fuskar motocinsu ta canza, a Turai garantin shekara bakwai suke bayarwa, suna da masana'anta a Slovakia da jihar Jojiya ta Amurka, a 2021 sunka canza tambari zuwa wanda mutane ke karantawa KN. A nan gida Dana Motors ne wakilansu, kuma bayan tsarin motoci na gwamnatin Jonathan na 2013 sun fara haɗa wasu a Legas. Sabuwar Sportage ko Sorento yau ba motar malamin makaranta ba ce ko kusa. Rio ɗin ma sun daina kai ta Turai da Amurka bayan 2023. Arahar da ake magana ta rage ne a tsofaffin, Rio da Picanto da Cerato na 2005 zuwa wajen 2015, kuma ba don sun lalace suke araha ba, kasuwarmu ce ba ta yi da su. In za ka iya, nemi Rio ta 2012 zuwa sama, ita sarƙa gare ta maimakon bel, abin da ya same ni bayan Tambuwal ba zai same ka ba.

Maganar Kawu kuwa ta tabbata, ba zan ɓoye ba. Bara na gwada kai ta wurin dillalai don in ji, ba don zan sayar ba. Na farko ko buɗe bonet bai yi ba, ya ce "Alhaji, Kia sai mai so, in ka bar ta nan za ta kwana biyu." Kuɗin da ya taya ko rabin na Corolla sa'arta bai kai ba. Mai sayen mota don ya ajiye kuɗi, ya hau shekara guda ya juyar ya ci riba, wannan ba layinsa ba ne, ya tafi Toyota kai tsaye. Ni hawa na saya, na kuma hau, da ita na kai maiɗakina asibiti ƙarfe uku na dare haihuwar autanmu, da ita na yi jigilar tsohuwa Bodinga zuwa asibitin koyarwa wata shida tana jinya, ba ranar da na murɗa makulli ta ƙi tashi in ban da waccan ranar ta jabun bel.

Da na gaya wa Kawu abin da dillalin ya taya sai ya ce ai na gaya maka. Na ce haka ne Kawu. Sannan ya ce jibi in Allah ya kai mu in zo da wuri in kai shi Wurno ta'aziyya, in kuma tabbatar esin nan na aiki. Mita yanzu tana kan kilomita dubu 243, bel na uku ke ciki, wanga karon daga Kano anka kawo shi kuma dattijon makanikena ya lanƙwasa shi ya shinshina ya duba haƙoransa ɗaya bayan ɗaya kafin ya yarda a ɗaura. Shokozoba na baya sun fara ƙara, su nake tara wa kuɗi in albashin watan nan ya shigo.